Marigayi Farfesa Abdu Mumuni Diofo: Malamin da Ya Sa Rana Aiki

Ina miƙa gaisuwar ladabi ga malamanmu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya haskaka makwancinsu. Haka nan ina gai da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, manya da ƙanana, musamman 'yan ajinmu da muka ci gabza tare, muka sha bulala tare.

Da kwamitin wannan mujalla ya aiko mini cewa in rubuto wani abu game da aikina na koyarwa a jami'a, sai na yi ta jan ƙafa, domin ban ga wani abin a zo a gani da zan faɗa a kaina ba. Daga baya na ga gara in ba ku tarihin mutumin da nake buɗe darasina da shi kowace shekara, watau marigayi Farfesa Abdu Mumuni Diofo na Jamhuriyar Nijar, wanda a rubutun Faransanci ake rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo.

Yadda na san shi

Cikin darussan da nake koyarwa akwai na makamashi da sauyin yanayi. Da can nakan fara shi ne da alƙaluma. In gaya wa ɗalibai cewa kafin zamanin masana'antu iskar kabon da ke sararin sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yau kuwa ta haura 420, kuma ita ce ke tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya. In kawo musu labarin ƙafewar Tafkin Chadi bayan shekarun 1960, da fari, da ambaliya, da gurgusowar hamada. Duk gaskiya ne, amma na lura kafin a ci rabin zango jikin yaran ya yi sanyi.

Wata rana wata ɗaliba, 'yar manoma, ta ɗaga hannu ta tambaye ni abin da ya rage musu su yi, tun da na ce Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan iska, masu fitar da ita kuma suna can nesa, ba sa jin kiranmu. Na yi 'yan kame-kame, amma ni kaina na san ban ba ta amsa ba. Ba a daɗe ba wani taro ya kai ni Yamai, na ga sunan Abdu Mumuni a jikin jami'arsu. Da na bincika ko wane ne, kunya ta kama ni, domin na shekara da shekaru ina koyar da fiziks, na san sunayen Turawa birjik, alhali ban san maƙwabcina ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abdu Mumuni ran 26 ga watan Yuni, 1929, a garin Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram, watau ƙasar Hausa ce sosai, arewa da Katsina da Daura. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, a bakin kogin Kwara, wanda mutanen can ke kira Isa. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, kuma yaran da ke samun shiga lakwal, kamar yadda suke kiran makarantar boko, ba su taka kara sun karya ba.

Ya fara karatu a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, sa'an nan aka zaɓe shi zuwa makarantar William Ponty da ke Senegal. Wannan makaranta a wajen ƙasashen rainon Faransa kamar Kwalejin Katsina take a wajenmu. Can ake tara zaƙaƙuran yara daga ko'ina a horar da su malanta da aikin gwamnati, kuma daga cikin waɗanda suka ratsa ta akwai Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Modibo Keita na Mali.

Daga Senegal ya wuce Faris, inda ya duƙufa kan kimiyyar fiziks. Ya sami digirinsa na farko a 1953, ya ƙara da babbar difloma a 1954. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agregasiyo. Ita wannan jarrabawa gasa ce, ana ƙayyade yawan waɗanda za a ɗauka kowace shekara, kuma da 'ya'yan Faransawa ake karawa, a cikin harshensu, a ƙasarsu. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka rainon Faransa da ya haye ta a fannin fiziks, yana da shekara 27 a duniya. Daga baya, a 1967, ya kammala babban digirin dakta a wannan fanni.

Malanta da gwagwarmaya

Karatu bai hana shi duba halin da nahiyarsa ke ciki ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, wadda aka fi sani da FEANF, haka kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar neman 'yancin Afirka ta PAI a 1957, lokacin yana koyarwa a Dakar.

A watan Satumba na 1958 Janar Digol ya sa ƙasashen rainon Faransa su jefa ƙuri'a, ko su zauna cikin tarayya da Faransa ko su kama gabansu. Gini ce kaɗai, ƙarƙashin Seku Ture, ta ce ta ƙi. Faransa ta fusata, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, makarantu suka zama wayam. Nan fa waɗansu matasan Afirka masu ilmi suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri don cike gurbin. Abdu Mumuni yana cikinsu, haka ma masanin tarihin nan Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mutumin da ke riƙe da takardar da za ta ba shi albashi mai tsoka da kwanciyar hankali a ma'aikatar ilmi ta Faransa, shi ne ya ɗauki alli ya tafi ƙasar da Faransa ke fushi da ita. Bayan Konakiri ya koyar a Yamai na ɗan lokaci.

Abin da ya gani a waɗannan azuzuwa shi ya tattara a littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, watau Ilmi a Afirka, wanda aka buga a Faris a 1964, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1968. A ciki ya bayyana yadda tarbiyyar gargajiya ke haɗa koyo da aikin hannu da zaman jama'a, ya kuma nuna cewa makarantar 'yan mulkin mallaka an tsara ta ne don samar da akawu da tafinta. Ya nemi a sake gina ilmi a kan bukatun ƙasa, a ba kimiyya da sana'a muhimmanci, a kuma koyar da yara cikin harsunan iyayensu. Mu da aka ci mu tara a makaranta saboda yin Hausa, mun san zafin wannan magana.

Ya juya ga rana

Daga 1962 zuwa 1964 ya je Tarayyar Sobiyet ya yi nazari mai zurfi a kan makamashin hasken rana. Lissafinsa a fili yake. Ƙasashen Sahel irin su Nijar ba su da teku, man fetur kuwa sai an yi doguwar tafiya da shi daga gaɓa, ga tsada. Girki da itace ake yi, daji kuma yana ƙarewa. Amma akwai dukiyar da babu mai hana mu ita. Idan rana ta take tsaka kuma gari ya yi garau, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun ƙarfin da ya kai wat 1,000, kuma a yankinmu kusan duk shekara haka abin yake. Ranar da muke gudu muna neman inuwa, ita ya ga ya kamata a ɗaura wa sirdi.

A 1964 ya tafi Mali, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, yana kuma koyarwa a babbar kwalejin horon malamai ta can. A 1969 ya komo gida, aka damƙa masa ofishin makamashin rana na Nijar, wanda ake kira ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Ofishin bai tsaya ga bincike da rubutu ba, ƙera kaya yake yi don mutane su yi amfani da su.

Bari in ɗan bayyana irin waɗannan kaya, domin duk wanda ya zauna ajin fiziks na makarantarmu zai gane su. Akwai na'urar ɗumama ruwa: akwati ne mara zurfi, a cikinsa an shimfiɗa farantin ƙarfe mai baƙin fenti wanda bututu ya ratsa, an rufe samansa da gilashi. Baƙin ƙarfen yana shan hasken rana ya yi zafi, gilashin ya hana zafin tserewa, ruwan da ya ɗumama kuma ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka sai ya hau da kansa zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Babu inji, babu mai. Akwai na'urar tace ruwa: a zuba ruwa mai gishiri ko kanwa a baƙin kwano ƙarƙashin gilashi mai gangara, rana ta mai da shi tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro tas, dattin ya zauna a ƙasa. Akwai murhun rana, mai siffar babbar tasa mai ƙyalli, wadda ke tattara haske wuri guda a gindin tukunya. Akwai kuma na'urar busar da amfanin gona. Babban abin da ya fi ba ƙarfi shi ne injin da zafin rana ke juyawa, wanda suka yi aikinsa tare da kamfanin Spilling na Jamus: a tara zafi, a samar da tururi, tururin ya tura inji, injin ya jawo ruwa ko ya ba da lantarki.

Ku tuna wane lokaci ne wannan. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 aka yi babban farin da ya halaka dabbobi ya kuma tarwatsa jama'a a Sahel, har mu a nan Arewa mun ɗanɗana. A 1973 kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Sai ga shi manyan ƙasashe sun fara neman abin da wannan bawan Allah ya riga su tunaninsa da shekara goma.

Cikas

Ba zan ɓoye muku ba, kamar yadda ba na ɓoye wa ɗalibaina, cewa aikin bai yaɗu yadda ya yi buri ba a zamaninsa. Dalilan suna da yawa. Gilashi da ƙarfe da bututu duk daga waje ake shigo da su, don haka kayan sun fi ƙarfin talaka. Murhun rana, ko'ina aka gwada shi, yakan ci karo da al'adar girki: uwargida da magariba take tuƙa tuwo, a cikin gida, ba da tsakar rana a fili ba, kuma tasar sai ana juya ta tana bin rana. Injin zafi yana da sassa masu motsi, idan ɗaya ya lalace a ƙauye babu makaniki, babu kayan gyara. Ƙurar hunturu kuma tana rufe gilashi da madubi, sai an bi su da shara kullum.

Bugu da ƙari, a farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom, wanda Nijar ta dogara da shi, ya faɗi, aljihun gwamnati ya ƙone, ga wani farin a 1984. A 1986 man fetur ya yi araha a kasuwar duniya, masu ba da agaji suka juya wa binciken rana baya. Daga ƙarshe ma wata hanyar ce ta yi rinjaye, watau farantin sola da ke mai da haske lantarki kai tsaye ba tare da inji ba.

Shugabancin jami'a da rasuwarsa

Duk da hidimar ofis bai taɓa ajiye alli ba. Ya koyar da fiziks a Jami'ar Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilmi mai zurfi a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1979 aka naɗa shi shugabanta, ya riƙe ta 'yan shekaru, ya sauka ya ci gaba da koyarwa. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu, 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa, ya sa aikinsa ya bi shi.

Ya kamata in faɗi wani abu don kada in ɗora masa abin da ba nasa ba. A yawancin rayuwarsa maganar ɗumamar duniya ba ta fito daga ɗakunan bincike ba. Sai a 1988 aka kafa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan sauyin yanayi, taron Riyo kuwa an yi shi ne a 1992, bayan ya rasu. Shi abin da ya dame shi shi ne ruwan sha, da itacen girki, da kuɗin mai, da dogaro da kai. Sai dai maganin da ya nema wa waɗannan matsaloli shi ne dai maganin da duniya ke nema yau don rage hayaƙin da ke ɗumama ta.

Abin da ya biyo baya

Farantin sola na zamani an fara nuna shi ne a Amurka a 1954, kuma kashi 6 cikin 100 kacal na hasken yake iya mayarwa lantarki. Na kasuwa a yau sun wuce kashi 20. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya sauka da wajen kashi 90 cikin 100. Shi ya sa yanzu za ka gan shi a rufin asibitin ƙauye, da rumfar mai cajin waya, da fadamar mai noman rani wanda ya daina sayen man injin ban ruwa. A Nijar an buɗe tashar sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. A wajenmu akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1982, kuma a 2019 aka ƙaddamar da tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano.

Har ila yau, a yankin da aka haife shi, manoman Maraɗi da Damagaram sun yi wani abin mamaki tun daga tsakiyar shekarun 1980. Maimakon su tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, sai su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran, su raine shi har ya zama itace. Suna kiran wannan sassaben zamani, kuma da shi gawo da sauran itatuwa suka komo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Wannan ma fasaha ce, ko da yake da adda da lauje ake yin ta.

Yadda nake koyarwa yanzu

Alƙaluman nan masu sanyaya jiki ban daina kawo su ba, domin ɓoye cuta ba ya maganinta. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma a cikinta ne ruwa ya ci Maiduguri. Amma yanzu da tarihin Abdu Mumuni nake farawa. Mako na biyu kuma sai mu fita fili. Kowane rukuni na ɗalibai zai haɗa akwatin ɗumama ruwa da katako da kwanon rufi da gilashin taga, su sa ma'aunin zafi su riƙa rubutawa duk bayan rabin awa. Sa'an nan mu ɗauki faranti biyu na sola, mu goge ɗaya mu bar ɗaya da ƙurarsa, mu auna bambancin. Daga nan in ba su aikin gida: kowa ya lissafa farantin da rijiyar burtsatsen garinsu ke bukata, da kuɗinsa, da wanda zai gyara idan ya lalace, da inda kuɗin gyaran zai fito. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai maki mafi yawa, kuma daga cikas ɗin da marigayin ya sha na koyo ta.

Nakan kuma gaya musu cewa sola ba za ta share mana hawaye duka ba. Batir yana da tsada kuma yana mutuwa, kasuwa cike take da jabun kaya, kuma rage hayaƙin duniya nauyi ne da ya fi rataya a wuyan manyan ƙasashe. Amma ɗalibin da ya ga ruwa ya yi zafi a akwatin da ya ƙera da hannunsa, tambayoyinsa sukan sauya. Ɗalibar nan da ta ƙure ni, a shekararta ta ƙarshe aikin bincikenta a kan famfon sola na noman rani ta yi shi.

Kira ga 'yan'uwa

Dukkanmu muna tuna ranar da malaminmu na fiziks ya fito da mu bakin ɗakin gwaje-gwaje da gilashin ƙara girman rubutu, ya tattara rana a kan takarda har ta kama da wuta, muna ta ihu. Muna kuma tuna motar itace da ke sauke kaya a bayan kicin, da layin bokiti a bakin famfo duk ranar da babu man janareto. Da na ziyarci makarantar kwanan baya, na tarar ƙannenmu da 'ya'yanmu suna bin wannan layi har yanzu.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara, a taronmu mai zuwa mu sa maganar famfon sola na rijiyar makaranta cikin ajanda. Idan an amince, kada a kashe kuɗin duka wajen saye, a ware wani kaso a ajiye don gyara, a kuma danƙa kula da farantan ga ƙungiyar kimiyya ta ɗalibai ƙarƙashin malaminsu, su riƙa gogewa suna aunawa suna rubutawa. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa sau ɗaya kowane zango, tare da ɗalibaina, mu koya musu haɗa akwatin ɗumama ruwa, ba tare da an biya mu ko kwabo ba. Waɗanda suka yi injiniya a cikinmu, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan banki, kowa akwai inda zai kama, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Farfesa Abdu Mumuni Diofo, ya saka wa malamanmu da alheri, ya kuma ɗaukaka makarantarmu.